Hular Shefgar Ta Riga Shi Zuwa Kanada

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Buza ya san jar hular Alƙasim, kuma in zai faɗi gaskiya ya taɓa tsine mata a zuci. Alƙasim shi ne shugaban tashar, shefgar kamar yadda muke cewa, tun wasu direbobin yanzu suna goye. Dokarsa guda ce, ba ta da ta biyu: ba a barin mai gidan gaba. Gidan gaba ita ce kujerar da ke kusa da direba. In wani mai hannu da shuni ya aiko a kama masa ita, sai Alƙasim ya tuɓe jar hularsa ya ɗora a kai, shi ke nan mota ta zama dutse. Ko ta cika har bisa, ko jarirai na tsala ihu, ko kaji na suma a ƙarƙashin kujeru, ba mai taɓa makulli sai mai wurin ya yi wanka, ya karya kumallo, ya iso yana sakace. Ni kaina hular nan ta sha gasa ni a rana, shi ya sa nake ba da labarin nan da daɗin rai.

To, shekaru suka ja, aka sallami Alƙasim ya je ya huta. Bai yi wata biyu a gida ba sai ga waya daga autarsa Rahila, wadda ke aikin asibiti a Kanada. Dama tun tana da ciki ta sa aka yi wa iyayenta takardun tafiya.

"Baba, na sauka lahiya, namiji na," in ji Rahila. "Sunanka za a sa mishi. So nike ranar suna kai da bakinka ka raɗa mishi shi a kunne."

Alƙasim ya ƙanƙame wayar a kunne. Jikokinsa duk mata ne, kuma ba wanda ya taɓa yi masa takwara. Daɗi ya cika shi.

"Na yi muku biye, tikitin jirgi, kai da Inna," ta ci gaba. "Kilas afer na saya, don tahiyar da nisa."

"Mi ake nuhi da kilas afer?"

"Can gaban jirgi, Baba, kusa da masu tuƙi. Kujerar tana miƙewa ta zama gado, ga abinci sai wanda ka zaɓa."

"Ke ɗiyar ga, ki ce min gidan gaba kawai mana."

Daga nan aka shiga uku. Kafin la'asar ya isa teburin shayin Rabo da ke bakin tasha. Rabo taubashinsa ne, tun suna yara ba ya raga masa. Alƙasim ya zauna ya harɗe ƙafa, ya ce a ba shi shayi irin na masu barin ƙasa.

"Ku in kun samu shiga jirgi, can baya za a jera ku awa buhunnan albasa," in ji shi. "Ni ko kwance zan tahi. In na gaji da kwanciya in leƙa in ba direba shawara."

"In ka makara fa?" in ji Rabo yana juya shayi. "Na ji an ce jirgi ba shi da kunya."

"Rabo, na daɗe cikin harkar ga tun butar shayinka ba ta yi baƙi ba. Ka taɓa ganin inda anka bar mai gidan gaba? Ko bisa ko ƙasa, direba direba na."

Rahila ta yi ta nanatawa cewa jirgi zai tashi daga Yamai ranar Alhamis da la'asar, don haka su kwana can tun Laraba. Jaratu, matar Alƙasim, mace ce mai shiru-shiru wadda ta daɗe da sanin cewa musu da mijinta ɓata yawu ne. Ta haɗa kayanta cikin akwati ɗaya, ta ce ta shirya. Shi ko ya ce sam.

"Mutum irina ba shi sulalewa daga gari awa wanda ya yi sata. Sai na bi dangi na Tama da na Galma na yi ban kwana, mun yahe wa juna."

"Malam, jirgin ga fa ba motar Tanimu ba ta."

"Shekara nawa kika yi a tasha, Jaratu?"

Ta rufe akwatinta. Sai ya tuɓe jar hular ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ki riga ni. Da kin shiga, ki aza ta bisa kujerata. Duk direban da ya san aikinai, in ya ga hula ya san wuri na da mai shi."

Jaratu ta dubi hular, ta dube shi, ta naɗe ta cikin gyale ta sa a jaka. Ta ce, "To, Malam." Washegari da sassafe ta hau motar Yamai ta yi tafiyarta.

Shi kuwa sai Laraba da hantsi ya fito, ya sha babbar riga, ya naɗa rawani tun da hula ta yi gaba. Ya ɗauki hayar motar Tanimu, tsohuwar mota ce da ƙofarta ɗaya ke rufuwa da igiya. Rabo ya rufe teburinsa ya shiga baya. Ya ce wannan tafiya ko ciniki zai rasa sai ya gani da idonsa.

A Tama aka shimfiɗa tabarmi, dangi suka taru. Da Alƙasim ya tsaya ga gaisuwa da neman gafara, da an rabu lafiya. Amma bakinsa bai bar shi ba. Wani ya tambaya ko gaskiya ne a jirgi har kaya ake aunawa.

"Na talakawa ake aunawa," in ji Alƙasim. "Mai gidan gaba ko raƙumi ya zaka da shi, aza mishi za a yi."

Kun san mutanenmu da sallahu. Ba gidan da ba shi da ɗa a waje, kuma ba a jin mai tafiya a bar shi ya tafi hannu sake. Kafin ya gama shan furar da aka kawo masa, an jibge buhun albasa biyu na wani yaro da ke Abijan, da tabarmi uku, da jarkar man shanu. Sai ga Gwaggo Maimunatu, ƙanwar babansa, ta dogaro sanda da ƙunshin cuku da daddawa.

"Ka kai wa jikana Gali da ke Aljeriya."

"Gwaggo, Kanada za ni."

"To ba duk waje ba na? In ka sauka ka tambaya, dogo na, baƙi, kowa ya san shi."

Alƙasim ya ga idon jama'a a kansa. Ya karɓi ƙunshin ya ce ba komai, zai sa direba ya ɗan ratse.

Bai bar Tama ba sai da ya sayi ragon suna wajen wani makiyayi, fari ƙato mai ƙaho a murɗe. Ya ce takwaransa ba za a yanka masa ragon ƙanƙara ba. Aka ɗaure ragon bisa mota tare da albasa, motar ta durƙusa kamar jakin da aka yi wa lodin dutse.

Tsakanin Tama da Galma akwai wani ƙori, busasshen rafi mai yashi. Tanimu ya so ya zagaya ta inda amalanke ke bi. Alƙasim ya ce shi ya koya wa uban Tanimu tuƙi, a miƙe kawai. Aka miƙe, mota ta nutse har ƙofa. Ya fito ya tsaya gefe yana ba da umarni, a yi gaba, a yi baya, a taka sosai, kowane umarni na ƙara binne ta. Daga ƙarshe aka nemo shanun noma biyu. Babu igiyar ja, sai aka kwance ta ragon. Shanu suka ja, igiya ta tsinke, rago ya ga hanya ya diro ya faɗa garkar wani mutum ya hau cin ganyen salati.

Shefgar guda, da babbar riga, ya bi rago cikin fadama yana kiran sunan Allah. Mai garka ya bi Shefgar da fartanya. Rabo ya zauna kan buhun albasa yana dariya har da riƙe ciki. Da aka kamo ragon ba abin ɗaure shi, sai Tanimu ya dubi kan Alƙasim, Rabo ma ya duba. Haka aka warware rawanin aka ɗaure rago da shi, Shefgar ya shiga Galma da sanƙo a waje, taɓo har gwiwa.

A Galma suka kwana. Da safiyar Alhamis wayar Rahila ta shigo.

"Baba, kana ina? Inna ta ce ba ta gan ka ba."

"Ina tahe."

"Tahe daga ina?"

"Na ce miki ina tahe. Hulata na can."

Rabo ya ce wallahi haka alhazan Buza ke ce wa Alƙasim in ya aika kiransu daga tasha, har muryar iri ɗaya.

Mutanen Galma suka rantse ba zai tafi bai ci dambu ba. Ya ci. Suka ce ya nuna musu yadda kujerar nan ke zama gado. Ya ce a kawo kujerar roba. Ya zauna, ya ce ga wani ɗan maɓalli nan a gefe, in ka taɓa shi sai ka ji kana yin baya sannu sannu. Ya yi baya, amma ba sannu sannu ba. Ƙafar kujera ta karye, ya wuntsila ƙafafu sama, kwanon dambu ya bi shi. Ya tashi yana kakkaɓe riga ya ce ta jirgi ta fi wannan ƙwari. Nan ma aka ƙara masa sallahu, har da zabi biyu a kwando.

Ana kiran sallar azahar suka shigo Madawa. A daidai ƙofar tasha motar Tanimu ta yi tari sau biyu ta mutu, hayaƙi na fita ta gaba. Tanimu ya buɗe ya leƙa, ya ce yau kam ko uban da aka koya wa tuƙi ya dawo ba za ta tashi ba. Ana cikin haka Jaratu ta kira ta ce tana filin jirgi, an karɓi akwatinta, an kai ta wani ɗaki mai sanyi ana ta ba ta lemo, kuma mutane sun fara yin layi.

A nan ne na ga Shefgar ya ɗan haɗiye yawu, don ina tashar a ranar. Daga Madawa zuwa Yamai tafiyar yini ce, kowa ya sani, shi ya fi kowa sani.

"Za su jira," ya ce wa Rabo. "Amma bai kamata in bar su har dare ba. Mutum ya san girman direba."

Aka yi sa'a akwai motar Yamai ta kusa cika. Shefgar na Madawa kuma Yaƙubu ne, wanda ya yi shekaru yana koyon aiki a hannun Alƙasim. Ya tarbe shi da girmamawa, ya sa aka ɗora albasa da tabarmi da zabi da rago bisa mota. Wuri ɗaya ya rage, can ƙuryar baya. Alƙasim ya cusa kansa tsakanin wata mai goyo da buhun barkono, gwiwoyinsa na taɓa haɓarsa. Mota ta cika. Direba ya shiga inuwa ya zauna yana cin goro.

Aka jima. Zufa ta fara bin sanƙon Alƙasim. Barkono ya sa shi atishawa, ɗan goyon ya kama gemunsa. Ya leƙo ta taga.

"Yaƙubu, mi ake jira?"

Yaƙubu ya nuna kujerar gaba. Wata farar hula ce zaune a kai ita kaɗai, tana shan iska.

"Mai gidan gaba, Shefgar. Wani alhaji na, dillalin albasa. Ya tahi aski."

"Aski? Mutane cike da mota, kowa da uzurinai, a tsaya jiran mai aski? Wane irin rashin imani na wanga?"

"Kai ka koya min, Shefgar. Ranar da na tada mota na bar mai hula, ba ka tuna marin da ka yi min ba?"

Akwai mutanen Buza uku a motar. Ɗaya ya ce Allah mai iko. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta gode wa Allah da ya bar ta da rai ta ga yau. Alƙasim ya buɗe baki zai yi magana, sai wayarsa ta yi ƙara, irin kiran da ake ganin mutum. Hannunsa ya maƙale a bayan buhu, Rabo da ke tsaye bakin taga ya zaro wayar daga aljihunsa, ya amsa, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. Masu kilishi, 'yan kamasho, masu tallan ruwa, duk suka matso.

Ga Jaratu nan a kishingiɗe cikin wata kujera mai faɗi, an lulluɓe mata ƙafa da bargo, kofin lemo a hannu. Tun da aka kawo ta gidan Alƙasim ba wanda ya taɓa ganin ta huta haka.

"Malam, mun shiga," in ji ta. "Na yi yadda ka ce."

Ta juya wayar. Ga jar hula a tsakiyar kujerar da ke kusa da ita, an sa mata matashi a baya.

"Yarinyar da ke hidima ta tambaye ni, na ce ta maigidana ta. Ta yi dariya, har ta ɗaura mata ɗamara kada ta faɗi."

"Madalla," in ji Alƙasim da ƙarfi don jama'a su ji. "Kun gani? Sun san doka. Yanzu ba ni direba."

"An ce ba a shiga wurinai."

"To ki aika a gaya mishi ya kashe inji. Mai wurin na Madawa, shina tahe."

Sai ga fuskar wata budurwa mai ɗan kwali a wuya ta bayyana. Ta yi murmushi ta ce da Faransanci an riga an rufe ƙofa, a yi haƙuri a kashe waya. Alƙasim ya tattaro Faransancinsa na tasha, ya gaya mata shi ne shefgar na Buza, in ba za su iya jira ba to su biyo ta Tawa, akwai filin sauka, zai tare su a can, kuma yana da rago. Budurwar ta ce a gaida rago, ta wuce.

"Malam," in ji Jaratu tana leƙa taga, "ga shi muna yin baya."

Alƙasim ya daki buhun barkono. "Kun jiya? Baya shika yi. Na gaya muku ba a barin mai gidan gaba. Jaratu, ki ce ya bi ta Dogondutsi, hanyar ta hi kyau."

"A'a, Malam, ya juya. Yanzu gaba muka nuha. Sai mun isa."

Waya ta ɗauke. Tashar Madawa ta kwashe da dariya, har direban da ke cin goro ya ƙware. Daidai lokacin alhajin albasa ya iso, kai na sheƙi, yana ƙamshin turare. Ya ɗauki farar hularsa ya sa, ya zauna, ya waiwayo ya ce, "To, mi muke jira? Mu tahi mana."

Alƙasim ya ce a buɗe masa ya sauka. Aka sauko da albasa da tabarmi da zabi da rago. Ya zauna kan buhu a tsakiyar tasha, kai ba hula. Dariyar mutane ba ita ta dame shi ba, ya sha yin ta ga wasu. Takwaransa ya tuna, da kunnen da aka ce shi zai raɗa wa suna, sai baƙin ciki ya kama shi. Rabo ya dube shi ya daina dariya. Ya je ya sayo shayi a teburin wani, ya kawo masa, ya ce bai kai nasa ba amma ya sha haka nan.

Da aka gyara motar Tanimu suka juya gida. Komawa ta fi zuwa wuya, don sallahu sai an mayar wa kowa nasa. A Galma yara suka bi mota suna yi masa sannu da zuwa daga Kanada. A Tama Gwaggo Maimunatu ta karɓi ƙunshinta, ta shinshina, ta tambaye shi ko Gali ya yi ƙiba.

Ranar suna aka yanka ragon a ƙofar gidan Alƙasim a Buza, gari ya taru ya ci. Da yamma, lokacin can safiya ce, Rahila ta kira. Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce, "Baba, ga shi, na kanga mishi waya a kunne." Alƙasim ya juya wa jama'a baya, ya rufe wayar da tafin hannu, ya yi addu'a, ya raɗa sunan. Da Rahila ta janye wayar sai ga jaririn kwance kan cinyar Jaratu, jar hula a gefensa, ta fi shi girma, ya damƙe bakinta da ɗan hannunsa.

Alƙasim ya share ido da hannun riga, ya juyo ya ɗaga wayar.

"Cikinku duka, wa ke da hular da ta je Kanada kwance?"

"Ta hi ka hankali," in ji Rabo. "Ita ta tahi da wuri."

Rahila ta yi ta fama har ta samo masa wani biye na wata mai zuwa. Wannan karon can baya ne, inda ya ce ana jera mutane kamar albasa, kuma bai ce komai a kai ba. Saura mako biyu cur ya ɗauki jaka ɗaya, ba rago ba sallahu, ya riga direban motar Yamai zuwa tasha. Ya ce gara ya je ya zauna kusa da filin jirgin yana ganinsa. Rabo ya zo rakiya, ya ciro sabuwar hula daga aljihu ya miƙa masa, ya ce kada ya shiga ƙasar mutane da sanƙo a waje.

Alƙasim ya juya hular a hannu, ya mayar masa.

"Riƙe abarka, Rabo. Tawa tana can wurin yaron, tana riƙe min wuri."